Tafintan da Ke Tsakiya

Daga bencin baya na wata kotun laifuka a Makka nake kallonsa. Tafinta ne, ban san sunansa ba. Dogo ne siriri, farar jallabiyarsa ta sha guga, amma yatsunsa sun ƙi barin maɓallin wuyanta. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, ina jin a unguwar Tandabawi ta nan Makka ya tashi, a gaban kaka.

Yana tsaye tsakanin alƙali da wani tsoho da ake tuhuma, mai tsire a titin Mansur, wanda Larabcinsa bai wuce na ciniki ba. Ƙa'idar aikin ita ce kada ya ƙara kalma, kada ya rage. Shi ya sa tsohon ba ya kallon alƙali, bakin tafinta yake kallo.

Alƙali ya karanta hukunci: shekara bakwai. Tafinta ya juyo wajen tsohon.

"Ɗana," in ji tsohon, "ka dai gaya masa yadda na gaya maka ko?"

"Wallahi na gaya masa."

Sai ya faɗi shekarun daidai yadda aka karanta su. Kalma ɗaya tak ya ƙara, wadda ba ta cikin takardar alƙali: "Baba."