Na Ce Wa Yaya Hamisu Ina Hanya

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Hamisu, shekara shida kuma ban taka Kano ba. Duk sallah Innarmu sai ta sa ƙanwata Bilki ta kira ni, ta tambayi yaushe zan zo, ni kuma in ce aiki ne ya riƙe ni. Ba aiki ba ne. Akwai abin da Inna ba ta sani ba game da ranar da ɗanta ya rasu, kuma na kasa zama gabanta da shi a cikina.

Yaya Hamisu ne ya kawo ni Dubai. Kamfaninmu ɗaya, na sayar da kifi. Ni ina ofis a Ras Al Khor, inda manyan firji suke, shi kuma yana kula da ma'aikata a wani ƙaramin garin masunta a gabar gabas, bayan duwatsu, tafiyar awa biyu a mota. Yawancin mutanensa 'yan Zango ne daga Ghana, da 'yan uwanmu na Arewa kaɗan. Suna kwana a wani sansani mai ɗakunan kwantena, jifa ɗaya daga bakin teku. Mutum ne mai faɗa kamar zakara, amma ba ya cin abinci sai ya ƙirga kawunan yaransa.

Da hukuma ta yi shelar cewa guguwa na tahowa daga teku, mutanenmu suka yi abin da iyayenmu suka koya mana. Suka hau rufi, suka jera tsofaffin tayoyi da bulo don kada iska ta yaye kwano, suka kwashe shanya, suka zauna suna duban gabas. Sama kuwa tas, ko gajimare babu. Har tsiya suka riƙa yi wa Yaya, wai Malam Hamisu ya ga hadari a waya. Mu 'yan tudu ne, duk ruwan da muka sani daga sama yake zuwa. Wani tsohon masunci ne ya ja shi gefe ya nuna masa bangon masallaci, inda teku ta taɓa kaiwa, sama da kan mutum. Tun daga nan Yaya bai sake zama ba. Ya sa aka ja jiragen kamun kifi kan tudu, aka kashe wuta, aka cika jarkoki, ya bi ɗaki ɗaki yana cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Aka turo motoci su kwashe mutane zuwa wata makaranta a kan tudu. Nan magana ta tsaya. Fasfo ɗin kowa yana kulle cikin akwatin ƙarfe a ofishin sansanin, akwatin kuma a ɗaure yake da ƙasa. Wanda bai yi zaman ƙasar wani ba ba zai gane ba, amma a nan mutum ba fasfo kamar akuya ce ba mai ita. Malam Sule, dattijon 'yan Kumasi, ya zauna a bakin ƙofa ya ce ko teku za ta cinye shi ba zai bar takardarsa ba. Sauran suka zauna a bayansa.

Malam Sule ne ya ba ni labarin daga baya. Ya ce Yaya ya tsaya a kansu ya ce, "Yalla, ku hau mota! Ni zan zauna da akwatin. Ƙanina na kawo makulli daga Dubai, da hannuna zan miƙa wa kowa nasa. Khalas, magana ta ƙare." Suka hau, don ba su taɓa kama shi da ƙarya ba.

Makullin yana cikin durowata. Wannan ne Inna ba ta sani ba. Dokar ofis ita ce ba ya fita sai manaja ya sa hannu, manaja kuma yana wani taro a Bur Dubai, wayarsa a kashe. Bizata saura wata biyu a sabunta. Na zauna ina juya makullin a hannu, gaba kura baya sayaki: in ɗauka ba izini a ce na yi sata a kore ni, in bari kuma Yaya na jira. Bayan azahar ya kira. Ya ce, "Nasiru, kana ina?" Na ce, "Ga ni nan, Yaya, ina hanya."

Wane ne cikinmu bai taɓa faɗin haka ba? Mutum na banɗaki da soso a jiki ya ce yana hanya. Tela ya faɗa, direba ya faɗa, ango ma ya faɗa. Mun mayar da ita gaisuwa, mai ji ma ya san ya ƙara awa guda a kai. Yaya ya ƙara awarsa, ya lissafa zan iso kafin la'asar, sai ya sallami motar ƙarshe ya ce ƙaninsa zai fito da shi. Da na ce masa ina zaune a ofis, da ya zage ni tas ya hau motar nan.

Sai ƙarfe uku manaja ya sa hannu. Na kama hanya kamar mahaukaci, na tarar 'yan sanda sun tare titin duwatsu saboda kwaruruka sun fara kawo ruwa. Ba gaba, ba baya. Ina cikin jerin motoci, ruwa na dukan gilashi, ina kiran lambarsa tana shiga ba a ɗauka, har ta daina shiga. Washegari aka same shi. Akwatin na nan inda yake, fasfo ɗin sun jiƙe amma ana karanta su. Ba wanda ya rasa ransa a sansanin sai shi.

Satin nan an sake shelar wata guguwar, shi ya sa na kasa barin alƙalami. Abubuwa sun canza. Yanzu gargaɗi na shigowa wayar kowa da ƙara, ana rufe makarantu da wuri, kamfaninmu ya mayar da ɗakunan kwana kan tudu, kuma kowa fasfonsa na aljihunsa. Ina tambayar kaina me Yaya zai ce in ya gani. Ina jin zai gyaɗa kai, sannan ya yi tsaki ya tambayi wa ya bi ɗaki ɗaki ya tabbatar an tashi, don saƙon waya ba ya kama hannun mai taurin kai. Malam Sule ne ke yin wannan aikin yanzu. Jiya da na je sansanin na ji shi yana yi wa sababbin yara ihu su sauko daga rufi su kwashe kayansu daga ƙasa, da irin muryar Yaya sak.

Abin da ya rage na Yaya Hamisu ke nan, kuma ba kaɗan ba ne: mutane da ke raye suna aika wa 'ya'yansu hotuna, da wani kabari a Muhaisnah da ba ya rasa mai ziyara ranar Juma'a. Ya bar maganar da in ya faɗa ake hawa mota a kanta. Ni da muka sha nono ɗaya, tawa maganar ce ta zaunar da shi. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma ajali daban, ƙarya daban, kuma tawa ce. Ina kewarsa, ina jin kunyarsa, kuma na gaji.

An ce tsoro na daji, kunya na gida. Na daɗe a dajin. Bilki, na san ke kike karanta wa Inna jarida. Ki zaunar da ita ki karanta mata wannan daga farko har ƙarshe, kada ki tsallake wurin makullin don tausayina. In ta gama ji ta ce in zo, zan zo. In ta yi shiru, zan jira. Allah Ya jiƙan Yaya Hamisu, Ya sa ruwan nan ya zame masa shahada.