Ɗankwalin da Ba a Wanke Ba

Alherin farko da Nusreta ta yi mini akwatin katako ne, irin na zuba tuffa. Ni gajeriya ce, tagar ɗakin yara ta asibitin garinmu kuwa ta fi ƙarfin tsayina. A wancan zamanin ba a barin uwa ta bi ɗanta ciki. A ƙofa ake karɓarsa, a miƙo miki kayansa a ƙulle, sai ki zagaya bayan gini ki tsaya cikin dusar ƙanƙara tare da sauran iyaye, kowa yana miƙa wuya. Ina ta ɗage ban ga komai ba, sai ga wata doguwar nas ta fito ta ƙofar baya, ta dire akwatin a gabana.

"Hau, ƙanwata. Amma da ido ɗaya za ki leƙa. In yarinyar nan ta gan ki, ni da ke mun shiga uku."

Ita ce Nusreta, 'yar wani mai saran itace daga ƙauyukan da ke saman kogin Drina. Tana ƙarama ciwon ƙirji ya kwantar da ita a wannan ɗakin, har ta manta kamannin uwarta. Takan ce ba allura ta tsaya mata a rai ba, wari ne. Komai warin maganin wanke ƙasa yake, daga zanen gado har hannun da ke ba ta madara. Da ta girma ta koyi jinya, ta dawo ɗakin, ba ta sake barinsa ba. Ba ta yi aure ba. Taba ta dusashe mata murya, ita da kanta take cewa in ta yi wa yaro waƙa sai ya ƙara kuka.

Don haka ta samo tata dabarar. A ɓoye takan roƙi uwa ɗankwalin da take kwana da shi, ta cusa a aljihu, ta shimfiɗa ƙarƙashin kuncin yaro. Doka ta hana shigo da kayan gida, kuma duk abin da babbar nas ta kama a murhu yake ƙarewa. An sha yi mata kashedi, ba ta daina ba.

'Yata Almasa ba ta cika shekara biyu ba. Ubanta ya rasu a injin tsaga katako kafin sanyi ya shigo, ita kaɗai ya bar mini. Ciwon maƙogwaro ya kama ta, tari kamar haushin kare, in ta ja numfashi sai ka ji fito. A wannan ciwon kuka ne abin tsoro, don duk kukan da yaro ya yi hanyar iskar ƙara tsukewa take. Almasa kuwa tunda aka raba ta da jikina ba ta rufe baki ba. Likita ya ce in aka kai gobe a haka, sai ya huda wuyanta ya sa bututu, kuma bai ɓoye mana cewa ba kowane yaro ke tashi ba.

Nusreta ta raɗa mini zancen ɗankwali a bakin ƙofa. Ban iya nisa da asibitin ba, sai na aika ƙauye, washegari surukata Nana Derwisha ta iso a motar safe da ƙunshi cikin takarda. Nusreta ta karɓe, ta shige.

Abin da ya faru a ciki daga bakinta na ji, bayan shekaru. Tana warware takardar gabanta ya faɗi. Ɗankwalin ya sha sabulu, ya sha sitaci, ya sha guga, har gefensa yana yanka hannu. Ta kai hanci, ba warin kowa a jikinsa. Duk da haka ta sa wa yarinyar a kunci, yarinyar ta ture. Butar tururi tana ta huci gefen gado, a banza. Ramin wuyan Almasa yana lotsawa da kowane numfashi, leɓenta ya fara komawa shuɗi, kukan ma ya zama wani siririn abu kamar na kyanwar da aka rufe a ɗaki. Likita ya duba, ya ce a jera kayan tiyata, ya tafi wanke hannu. Nusreta ta ce ta sha jera wannan tiren, kuma ta tuna gadajen da ta naɗe zanensu daga baya.

Mu muna waje muka gan ta ta fito, ko rigar sanyi babu.

"Iya, wa ya wanke shi?"

Nana ta gyara tsayuwa. "Ni. Da hannuna, na tafasa shi ma. So kike a ce kayan gidan ɗana sun shiga asibiti da dauɗa, a yi da mu a gari?"

"Kin wanke uwar daga jikinsa, Iya." Ta juyo gare ni. "Ba ni na kanki."

Maza sun fi mata yawa a bayan ginin nan, iyaye da kakanni, suna busa taba saboda sanyi. Tun da na balaga namijin da ba muharramina ba bai ga gashina ba.

"A nan? Gaban maza?" in ji Nana.

"Iya, kowa ɗansa yake nema a taga. Ba wanda ya baro gida don kallon kan surukarki. Likita yana wanke hannu."

Nana ta dube ta, ta dubi tagar. Sai ta cire babban mayafinta na ulu, ta ware shi da hannu biyu, ta kare ni da shi kamar labule, tana karanta abin da ya zo bakinta. Na kwance ɗankwalin, yana da ɗumi, ya jiƙe da gumin kwanakin nan. Nusreta ta tura shi cikin riga ta ruga.

Na hau akwatin, mayafin Nana a kaina. Bayan Nusreta kawai nake gani, ta sunkuya a kan gadon. Ta cikin gilashi ina jin siririn kukan, yana yankewa yana dawowa. Can sai ya ɗauke.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Na ga likita ya shigo, hannuwansa a ɗage. Na ga babbar nas ta tsaya da tiren. Ba wanda ya motsa. Nana tana jan rigata tana tambaya me na gani. Ni kuwa salati nake yi a zuci, yana kakkaryewa. Likita ya sunkuya ya kara abin saurare a ƙirjin yarinyar, ya daɗe, ya daɗe ƙwarai.

Sannan Nusreta ta miƙe. Ba ta waiwayo gaba ɗaya ba, ta dai ɗora tafin hannu a kuncinta, ta karkata kai. Barci. Babbar nas ta kalli jan ƙyallen da ke cikin hannun Almasa, ta kalli Nusreta, ta fita da tirenta.

Almasa yanzu tana da nata 'ya'yan, wuyanta babu tabo. Nusreta kuwa ta tsufa ita kaɗai a wani ɗan ɗaki bayan kasuwa, nakan kai mata burodi in na gasa, mu sha gahawa. Ciwon ƙirjin nan ya dawo mata. Ranar ƙarshe da na same ta a gida ta haɗa ƙaramar jaka, tana zaune bakin gado.

"Gobe za su kwantar da ni, ƙanwata. Kin san warin wurin, har yau tsoronsa nake ji. Ki kawo mini ɗankwalin da kike kwana da shi. Kada ki bari kowa ya wanke."