Ashe ba wanda ya taɓa injin Baba

Tun azahar nake rubutawa ina gogewa. Jama'a, yau na gano mun zalunci bawan Allah!

Na kai tsohuwar lorin marigayi Baba unguwar Sofoline a Kumasi, wurin makanike Masta Kofi. Na ce, "Masta, kamfani ya rubuta injin yana da ƙarfin doki ɗari da talatin, amma ba ta taɓa hawa tudun Mampong da cikakken lodin doya ba. Baba ya ce direbansa Malam Isaka ne ya musanya injin, ya kore shi."

Ya goge lambar injin da tsumma. Ya duba takardun mota. Lamba ɗaya!

Ya ce, "Ei, ɗan Alhaji, injin asali ne! A kamfani tsirara suke gwada shi, ba fanka, ba salansa. Da an ɗaura shi a mota, dawakin sun ragu."

Ranar da Malam Isaka ke rantsuwa yana kuka a unguwar Alabar, ni ma na ce masa ɓarawo.

Don Allah masu sanin inji, haka ne? Kuma wa ya san inda Malam Isaka yake? In ya rasu, ku nuna min 'ya'yansa.