Mai Hawa a Kwari na Biyar

Kakata Ige ba ta yarda a yi tatsuniya da yunwa. Sai an cinye tuwo an suɗe kwano, sannan ta jawo ragowar itacen murhu zuwa ƙofar ɗakinta, ta tura dankali cikin toka, mu jikokinta mu kewaye ta. Ƙauyenmu yana kan tudu tsakanin Tambuwal da Kebbe, kuma sabon gari ne. Tsohon garin yana ƙarƙashin ruwan dam tun kakata tana da ƙuruciya. An kwashe mutane da awakinsu da ƙyauren ɗakunansu, har dutsen niƙa an ɗauko, amma ba wanda ya iya ɗauko maƙabarta.

Ni ne babba a jikokinta maza, don haka ni ne angonta, kullum tana yi mini gorin ban taɓa saya mata ko goro ɗaya ba. Tana da labaran gizo kamar kowace tsohuwa, amma akwai wata tatsuniya da ba ta yi sai ta ga mun natsu. Idan za ta fara takan rage murya ta ce, "Ga ta nan tafe gare ku. Ku janye ƙafafunku, wagga jiƙaƙƙa ta."

Labarin Bawa ne, wani saurayi mai kai bandar kifi kasuwa a kan keke. Hanyarsa ta burji ce, tana bin gefen dam, ta hau tudu ta gangara kwari har sau biyar. Bawa a sabon gari aka haife shi, bai san kowa a tsohon ba. Ran nan ya sayar da kifinsa yana komawa gida da tsakar rana, ba kowa a hanya, ko tsuntsu ba ya kuka. Yana isa kwarin farko sai ya ji bayan keken ya nutse, kamar an zauna a kan kariyar da yake ɗora kaya. Feda ta yi tauri. Wani sanyi ya taɓa gadon bayansa, rigarsa ta jiƙe. Sai wata murya ta ce daidai kunnensa, a hankali, "Yaro, wa kaɗ ɗauko?"

A nan kakata takan tsaya ta juya dankalinta, mu kuwa kowa ya matso jikin ɗan'uwansa.

Bawa ya yar da keken ya ruga gida. Uwarsa ta saurare shi ba ta ko girgiza ba. Ta ce mutanen tsohon gari ne, ba mugunta ke fito da su ba, so suke su ji ko har yanzu akwai wanda ya san su. Kowane kwari da mai hawansa. In ka faɗi sunansa ka roƙa masa rahama, zai sauka a kan tudu. In ba ka sani ba, yana nan zaune. Ta koya masa sunayen, mu ma kakata ta sa mu bi ta muna faɗa: Jibo maƙeri a kwarin farko, Tumba mai daddawa a na biyu, Gado makaho a na uku, Malam Sanda a na huɗu. Wanda ya yi kuskure ba shi da dankali.

Da aka zo na biyar sai uwar Bawa ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Wagga ba ni iya faɗi, ɗiyata ta ta fari. Tafi wurin kawunka ka tambaye shi." Mun fahimci wannan tun muna yara, don a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ko yana raye ko ya mutu. Kunya ce da ake shiga kabari da ita.

Kawun yana nesa, Bawa kuwa kifinsa ba ya jira. Ya ce huɗu cikin biyar ai an yi ƙoƙari. Ranar kasuwa ta zagayo, ya bi hanya, ya sauke mutum huɗu lafiya lau. A kwari na biyar ne tsohuwar hanya ta rabu da sabuwa ta miƙe cikin ruwa. Nauyin da ya hau masa a nan ba shi da yawa, bai fi na tulun yara ba. Ƙaramar murya ta tambaye shi wa ya ɗauko, shi kuwa bai san sunan ba. Ta sake tambaya. Kan keken ya karkata da kansa, Bawa ya matse birki, birki bai kama ba. Masunta ne suka ga sawun taya ɗaya ya gangara ya shige ruwa, babu sawun fitowa.

Wata rana mahaifina ya dawo daga masallaci ya tarar da mu muna makyarkyata. Ya ce, "Haba Inna, matattu ba su hawan keke. Kina tsorata ɗiyan mutane."

Ta ce, "Kai da kas san komi, faɗa min wa ak kwance kwari na ukku."

Bai sani ba. Muka fashe da dariya, ya kaɗa kai ya wuce ɗakinsa.

Ni ne mai nacin tambaya. Duk lokacin da ta gama sai in ce, "To Kaka, mi as sunan ta biyar ɗin?" Amsarta ba ta taɓa canzawa ba. Takan kalli wuta ta ce, "Angona, ni ba ni faɗi. Manu na nan Fakku, shi ya sani. In ka yi keke ka tafi ka tambayo." Manu wanta ne, tsoho mai kurman kunne da muke gani sau ɗaya a shekara. Na ɗauka wannan ma cikin wasan ne, irin na tsofaffi masu son a yi ta roƙonsu.

Na yi keken kuwa, shekarar da na shiga sakandare. Na je Dogon Daji kallon ƙwallo, na je Sanyinna cin kasuwa, ba inda ban taka ba sai Fakku. Sau biyu tana tuna mini, ina cewa sai an yi hutu. Daga baya ta daina. Tsoho Manu ya rasu ina aji huɗu, ita kuma ta bi shi da damina biyu.

A zaman makokinta ne wata tsohuwar maƙwabciya ta ce, ai Ige ta tafi wurin 'yarta. Na ce wace 'ya, ita da maza kawai ta haifa? Ta ce kafin mahaifina akwai mace, ta rasu tana tatata, watanni kaɗan kafin a tashi garin. Sunan fa? Ta yi tunani har ta gaji, ta ce ya shige mata. Mahaifina bai taɓa ji ba. Na zagaya duk tsofaffin da suka rage, ba wanda ya riƙe.

Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Shekara da shekaru matar nan tana zaune gaban wuta tana roƙon a je a karɓo mata sunan 'yarta, don ya zauna a bakin wani bayan ita. Al'ada ta ɗaure mata harshe, sai ta gina tatsuniya sukutum ta saka roƙon a ciki. Tafiyar rabin yini ce kawai a keke, ni kuwa na ci dankalinta na tashi.

Yanzu ina koyarwa a Tambuwal, furfura ta fara fito mini, kuma na san matattu ba sa hawan keke. Duk da haka bara, bayan an cire amfanin gona, na hau kekena na bi hanyar dam zuwa gida. Rana tana tsaka, gonaki fayau, ruwan yana kwance ba ya ko motsi. A kowane kwari na faɗi sunan mai shi na yi masa addu'a, ina ɗan jin kunyar kaina. Da na gangaro na biyar sai na rage gudu. Ban ji murya ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma bayan keken ya ɗan nutse, kuma wuri biyu a rigata, daidai inda ƙananan hannaye za su kama, suka yi sanyi.

Na sauka tun kafin mararrabar tsohuwar hanya. Na ce, "Gwaggo, ban san sunanki ba, laifina ne. Amma na san uwarki, kuma ba ta taɓa barin zancenki ba." Na jira a kan tudu ko za ta sauka. Nauyin bai ragu ba. Haka na turo keken har ƙofar gidanmu ban waiwaya ba, ina kauce wa duwatsu don kada ta faɗo.