Tahir mai kwanciya a kan ƙarfe

Wani dare bayan isha'i ina zaune a ƙofar gida a unguwar Harra ta Yamma, sai na ji wani siririn kuka daga layin baya, kamar na 'yar kyanwa, kamar kuma na tsuntsun da bai taɓa zuwa Madina ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin mamaki ba ya wuce ni. Na ɗauki sandata na bi kukan. Na tarar da Malam Tahir Jibril kafinta durƙushe cikin wata tsohuwar motar kaya, yana yanka farin soson nan mai tauri da ake kira fillin. Ashe wuƙarsa ce ke sa soson kuka.

Kowa ya san Tahir. Da asuba yake buɗe shago, ya sha shayi a tsaye, ya yi ta gyaran ƙofa da gado har rana ta kore shi. Wannan aikin ne ban san shi da shi ba.

Motar ta Balarabe mai dabino ce. Mahaifiyarsa, Hajiya Sabuwa, ƙafafunta sun mutu. Ba ta iya dogon zama, ba ta kuma jin zafi daga ƙugu zuwa ƙasa. Burinta ɗaya ne, ta sake ganin Ka'aba. Balarabe ya cire kujeru da hannunsa, ya yi abin da kowannenmu ke yi wa baƙo mai daraja: darduma a kan darduma, a kan ƙarfe. Suka kama hanyar Makka da bazara. Da suka tsaya hutawa aka ga bayan cinyoyinta ya yi bororo, ita ko tana ta hira, ba ta sani ba. Suka juyo. Likita ya ce in ta sake ƙonewa, da wuya gyambon ya warke.

"Baffa Tahir, darduma masu kauri fa na sa," in ji Balarabe.

"Darduma ta san baƙo, ɗana, ba ta san kwalta ba."

Na san abin da ya yi kafin daren nan, don Balarabe ya ba ni labari, na kuma je na gani da idona a karo na biyu. Da tsakar rana ya sa Balarabe ya ja mota, shi ya kwanta rigingine a kan tsiraren ƙarfe da 'yar shara a jikinsa da alli a hannu. Duk inda zafin ƙarfe ya cije shi sai ya zana. Saitin salansa ya fi cizo, nan ya ninka soso. Ya kankare tsatsa, ya shafa fenti, ya cike kwarin ƙarfen da siraran katako, ya jera fillin, ya rufe da falanki. A gefe ya bar tazarar yatsa, wai katako ma yana miƙa in ya ji rana. Na daɗe ina tunanin wannan, katako yana miƙa a cikin duhu ba wanda ya gani. Da ya gama ya sake kwanciya, aka sake zagayawa da shi.

"Tahir, an ce kai ka riga ni hawa gadona," in ji Hajiya Sabuwa.

"Zafin nake cinye miki, Yaya. Ki bar mini sauran a addu'a."

Ta je, ta yi ɗawafi a keke, ta dawo fatarta lafiya. Balarabe ya ce barci ta yi ta yi a hanya.

Kai ne, Tahir, mai aikin da ake takawa ba a gani. Kai ne ka ara wa marasa jin zafi bayanka. Daga baya na ji ba motar Balarabe kaɗai ba ce, akwai wasu a unguwannin Ranuna da Aƙiƙ. Allah ya saka maka, ya sanyaya maka makwanci kamar yadda ka sanyaya wa wasu. Ku kuma samari masu gyara mota da kanku, ku je ku gani tun gwiwarsa na yarda ya durƙusa, don bana ya ce zai rufe shago.

Jiya muna zaune da shi a ƙofar gida, maƙwabciyarmu Tasallah ta leƙo ta gaishe mu. Ta dubi yadda yake dafa bango kafin ya miƙe.

"To in ka daina, Malam, wa zai kwanta mana a ƙarfen?"

Tahir ya kurɓi shayinsa. Mu ma muka kurɓi namu.