Kujerar Hajiya a Motar Kaka

Jiya motar kakana ta tashi. Shekara da shekaru tana ƙarƙashin rumfa a gidanmu na Kankia, kaji na ƙwai a cikinta, sai bana ya sa makaniki ya gyara ta.

'Yar ƙarama ce ƙirar Ingila, kujera biyu, ba rufi. Wurin wani Bature malamin makaranta ya saye ta, lokacin da kuɗin man fetur suka shigo ƙasar.

Ya buɗe mani ƙofa ya ce, "Shigo amarya, mu je Kusada."

Na ce, "Kaka, ina jin kunya, kowa zai gan mu."

Ya daɗe yana shafa sitiyari, sannan ya ce, "Haka mai sunanki, kakarki Hajiya, ta riƙa ce mani. Wai matar aure ba ta zama kusa da miji a buɗaɗɗiyar mota, sai an sa rufi. Ina cikin neman rufin Allah ya karɓi abinsa."

Na gyara hijabina na shiga. A hanya bai sake ce mani amarya ba. Da ainihin sunana ya kira ni, sunan da ban taɓa ji a bakinsa ba.

Ban tashi na tarar da Hajiya ba, amma jiya na yi kewarta. Ku ma kuna kewar wanda ba ku taɓa gani ba?