Tonkar Inna da Muka Cinye

Har yau in na ji an ce "ingantaccen iri" sai raina ya ɓaci. Irin kam yana da kyau, wallahi da idona na gani. Haushina yana kan magana guda da aka faɗa mana rabi da rabi.

Inna, mahaifiyata, tana da garka a bakin rijiya nan gefen Filinge, kuma abin alfaharinta tonka ce, barkonon nan ƙanana. Irin kakarta ne, da shi ta zo gidan aure ƙulle cikin tsumma. 'Ya'yan ba su kai ƙaramin yatsa ba, amma guda ɗaya ya ishi tukunyar miya, ga jure ƙishirwa. Kowace shekara takan zaɓi jajayen farko ta shanya, ta zuba a gora ta rataye cikin ɗaka. Ko Baba bai isa ya taɓa goran nan ba.

Bayan samun 'yancin kai, ina budurwa, wani malamin gona ya zo daga Yamai aka tara masu garka. Baƙar fata ne kamar mu, amma Faransanci ya yi ta zubawa, tafinta na juya mana. Kai, wai mun sami 'yanci, ga mu har yanzu sai da tafinta! Ya ce an aurar da barkono iri biyu, ɗan da suka haifa ya fi uwa ya fi uba yawan 'ya'ya da girma. Ya raba mana a 'yan ƙunshin takarda. Daga ƙarshe ya ɗaga yatsa ya yi dogon jawabi, tafinta ya dunƙule shi duka ya ce, "Ya ce kada ku aje iri."

Wane iri muke ajewa in ba namu na gado ba? Kowa haka ya ji: gwamnati ta kawo sabo, a rabu da tsoho.

Inna ba ta yarda nan take ba, sai da ta ga sabon ya yi. Ya kuwa yi! Rassa har ƙasa don nauyi, 'ya'ya dogaye masu sheƙi, ranar kasuwa tun kafin azahar kwandonta ya ƙare. Da ta ga haka, ta sauke goran nan ta juye a turmi, ta dake da ƙuliƙuli da gishiri. Yaji ya yi daɗi, mun yi wata da watanni muna barbaɗawa a dambu. Goran kuma ta cika shi da jajayen sabon barkono.

Da shekara ta zagayo ta shuka su, abin da ya fito sai ka rantse ba uwa ɗaya ba. Wani dogo, wani dunƙulalle, wani lami kamar tumatir, da yawa kuwa ganye kawai. A shekarar ne ruwan sama ya fara yi mana rowa, rijiya ta ja baya, suka bi juna suna bushewa.

Ta ɗebi 'ya'yan a faifai, na raka ta buro, wato ofishin malamin gona. Malamin ya leƙa faifan ya yi dariya, ya yi magana, tafinta ya ce, "Ai an gaya muku kada ku aje iri."

Inna ta ce, "Wane iri, ɗan nan?"

"Na sabon mana. Shi ƙarfinai haihuwa guda ne. Jikoki kowa kama da wani kaka yake ɗaukowa. Kowace shekara sai an kawo muku sabo daga Yamai."

"To tsohon hwa?"

"Tsohon wa ya hana ki ajewa?"

Ban taɓa jin zuciyata ta tafasa irin ta ranar ba. Kalma ɗaya fa! Da ya ce "irin wannan", da shi ke nan. Mutum ya yi boko har ya iya aurar da barkono, amma ya kasa tsayawa ya tambayi mata mi suka ji. Kuma shi ne mai dariya.

Fari ya yi tsanani, motar da ke zuwa daga Yamai hatsin agaji take kawowa, wa ke ta irin barkono? Muka koma cin anza, 'ya'yan itacen dajin nan da sai an jiƙa kwana da kwanaki kafin ɗaci ya fita. Kowace loma sai Inna ta ce da tonkarta na nan, da ta wuce maƙogwaro ba wahala.

Ta bi gidajen da ta taɓa ba iri, ɗaya bayan ɗaya. Duk sun halarci taron nan, duk sun daka nasu. Sai ƙanwarta da ke aure a Tabla ta rage mata, muka taka da ƙafa har can. Ƙanwar ta ce, "Yaya, ba ke kika aiko mani da sabon ba, kika ce gwamnati ta hana aje tsoho?"

Muka juyo muka dawo gida. Inna ta jawo gwangwanin yajin nan, ta karkaɗe ɗan garin da ya rage a tafin hannunta, ta fita haske tana tonawa da farce ko ƙwaya ɗaya ta tsira daga taɓarya. Inna kuwa ta iya daka.